Siririn bututu ko kakkaura: wane firam ɗin keke ya dace da kai?

A da, wanda ya je sayen keke ba shi da dogon tunani a kan jikin keken. Ko Raleigh ne ko Phoenix, ƙirar kusan ɗaya ce: baƙin ƙarfe, bututu siriri, sirdi mai sifirin. Yanzu kuwa a layi ɗaya a kasuwa za ka tarar da keken da yatsu biyu ke zagaye bututunsa, ga wani kusa da shi sai ka sa tafin hannu gaba ɗaya. Dillali zai ce maka mai kaurin ya fi ƙarfi. Mai gyaran keke na bakin titi zai ce siririn nan na da shi ne ƙarfe na gaske. Kowannensu ya kama gefen gaskiya, amma kaurin bututu shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san da wane irin ƙarfe aka yi shi, nawa ne kaurin bangonsa, kuma wane nauyi za ka ɗora masa.

Abin da za mu auna

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, tauri da ƙarfi. Tauri shi ne yadda firam, wato bututun da aka haɗa suka zama jikin keke, yake ƙin lanƙwasuwa ko murɗewa lokacin da ka danna feda ko ka ɗora kaya. Ƙarfi kuwa shi ne iya nauyin da zai jure kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa daidai, ko ya karye. Firam yana iya yin tauri sosai kuma ya zama mai saurin tsagewa. Wani kuma yana da ɗan laushi, amma ya yi shekara 40 yana aiki.

Taurin bututu yana fitowa ne daga irin ƙarfen, da faɗin bututun, da kaurin bangonsa. Cikin ukun nan faɗi ya fi tasiri, nesa ba kusa ba. Idan ka ninka kaurin bango sau 2, tauri zai ninku sau 2, nauyi ma haka. Ba ka ci riba ba. Amma idan ka bar bangon yadda yake ka ninka faɗin sau 2, nauyi zai ninku sau 2, tauri kuwa kusan sau 8. Shi ya sa ƙarin milimita 3 da ido ba ya ganin girmansa yake canza keke gaba ɗaya. Daga bututu mai faɗin milimita 25.4 zuwa mai 28.6, da bango iri ɗaya, tauri yana ƙaruwa da sama da kashi 40 cikin 100. Daga 25.4 zuwa 31.8 kuwa ya kusa ninkawa.

Tsawo ma yana da tasa rawar. Doguwar sanda ta fi gajera saurin lanƙwasuwa da murɗewa, don haka bututun da ya isa a ƙaramin firam zai iya yin laushi a firam ɗin dogon mutum. Wannan yana daga cikin dalilan da mutum biyu za su hau keke iri ɗaya, kamfani ɗaya, ɗaya ya yaba ɗaya ya kushe.

Bututun da suka fi muhimmanci uku ne: na sama, wanda ya tashi daga ƙarƙashin sirdi zuwa wuyan keke (inda hannun keke yake shiga), na ƙasa, daga wuya zuwa gindin feda, sai wanda sandar sirdi take shiga. A kan su za mu auna kowane zaɓi ta fuskar tauri da yadda keken yake bin hannu, nauyi, juriya, sauƙin gyara, farashi, da kuma haɗarin da ke tattare da saye, musamman ga mai sayen gwanjo.

Inda ake jin taurin, da inda ba a jinsa

Wuri na farko gindin feda ne. Idan ka miƙe tsaye kana danna feda a hawa, gindin yana ɗan kaɗawa hagu da dama. A firam mai laushi har za ka ji kaca tana gogar ƙarfen canjin giya na gaba. Masu ƙarfin ƙafa da masu nauyi ba sa son wannan. Ko kaɗawar tana cinye ƙarfin mahayi, wannan ana muhawara a kai, domin ƙarfe yana mayar da mafi yawan abin da ya karɓa idan ya dawo daidai. Jan Heine na mujallar Bicycle Quarterly a Amurka ya daɗe yana kare ra'ayin cewa ɗan laushin da ya dace da bugun ƙafar mahayi yana taimaka masa ne ma. Ba kowa ya yarda da shi ba, amma tarihi ya nuna laushi ba ya hana gudu: Sean Kelly ɗan ƙasar Ayalan ya ci manyan tsere da yawa a shekarun 1980 a kan firam ɗin Vitus na Faransa, wanda aka sani da laushi saboda alminiyum ne da aka yi shi da siririn bututu.

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga yawancin masu hawa, shi ne murɗewa tsakanin gaba da baya. Ɗora buhu a kariya, ka kama hannun keke ka girgiza. Idan firam ɗin yana da laushi za ka ga gaba ya tafi, baya ya biyo shi daga baya. A kan hanya wannan yana nufin idan ka kauce wa rami, kayan da ke bayanka suna jan keken bayan ka riga ka miƙe hannu, sai ka sake gyarawa. A kwana kuma keken ba ya riƙe layin da ka ɗora shi. Bututun sama da na ƙasa ne suke hana wannan murɗewa, kuma a nan ne faɗi yake biyan kuɗinsa.

Na uku shi ne rawar gaba, wadda take kama keke a gangara idan gudu ya yi yawa, hannun ya riƙa karkarwa da kansa. Abubuwa da yawa ne ke haddasa ta, har da sakin wuya da yadda aka raba kaya, amma dogon firam mai siririn bututun sama ya fi saurin kamuwa. Idan ta kama ka, matse bututun sama da gwiwoyinka biyu, ka sassauta riƙon hannu, ka rage gudu a hankali.

Sai abin da faɗin bututu ba ya yi. Ana yawan cewa siririn bututu yana shanye gargada, kakkaura kuma yana dukan ƙugu. Akwai ɗan gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Firam mai siffar alwatika biyu da ƙyar yake motsawa sama da ƙasa, kowane irin bututu aka sa masa. Abin da ke shanye gargada shi ne taya, sai sirdi, sai sandar sirdi da fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Faffaɗar taya da ba a cika mata iska fiye da kima ba za ta ba ka sauƙin da babu firam ɗin da zai ba ka. Haka nan saurin juyawar keke ko natsuwarsa sun fi dogara da kwanciyar wuya, da lanƙwasar fok, da tazarar da ke tsakanin tayoyi biyu. Baƙin keke irin na da yana tafiya a natse ne saboda wuyansa a kwance yake kuma yana da tsawo, ba don siririn bututu ba.

Zaɓi na 1: siririn bututu mai kaurin bango

Wannan shi ne baƙin keken da muka sani, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe: Raleigh, wanda kamfaninsa ya taɓa yin masana'anta a Kano, Phoenix da Flying Pigeon na Sin, Hero da Avon na Indiya. Faɗin bututunsa na gargajiya ne, wajen inci 1 zuwa inci 1 da ɗan ɗoriya, amma bangon yana da kauri, yakan wuce milimita 1, kuma kaurin iri ɗaya ne daga wannan baki zuwa wancan. Ƙarfen ba na musamman ba ne, don haka da yawansa ake samun ƙarfi.

Taurinsa matsakaici ne, kuma da nauyi aka saye shi. Keken yakan kai kilo 20 ko ya wuce. Da yake masu ƙera shi sun san kaya za a ɗora masa, maimakon su faɗaɗa bututu sai suka ƙara wa wasu na biyu a sama, ga kuma sandunan da ke tallafe da fok a wasu. Wannan dabara tana aiki, sai dai hanya ce mai nauyi ta samun abin da ƙarin milimita kaɗan a faɗi zai bayar. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief take rarrabawa a ƙasashen Afirka da dama yana kan wannan tsari na ƙarfe mai kauri, kuma an ƙera kariyarsa ta ɗauki kilo 100.

Wajen juriya babu na biyunsa. Ka jingina shi ya faɗi, ka ɗaure masa jarkoki da igiyar roba, bututun ba zai lotse ba. Tsatsa tana cinsa, amma kafin ta huda bango mai wannan kauri an daɗe. Idan ya lanƙwashe ana miƙe shi, idan ya tsage mai walda na unguwa zai iya kama shi. Kayan gyaransa suna ko'ina, farashinsa kuma yana cikin mafi sauƙi. Haɗarin da ke akwai shi ne sababbin da ake yi da sunan tsofaffin ba duka suke da ingancin na da ba. Duba haɗin bututun da kyau, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka tambayi mai gyara wanda ya saba buɗe su.

Zaɓi na 2: siririn bututu mai siririn bango

A ido ya yi kama da na farko, amma wani abu ne dabam. Waɗannan su ne tsofaffin kekunan tsere da na doguwar tafiya na Turai da Japan, waɗanda ake samu jefi-jefi cikin gwanjo. Bututun sama milimita 25.4, na ƙasa da na sirdi 28.6. Ƙarfen mai inganci ne, irin su Reynolds 531 da aka fito da shi a Ingila a 1935, ko Columbus na Italiya, ko Tange na Japan. Yawanci akwai ƴar takarda manne a bututun sirdi mai nuna sunan.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: ƙarfe mai tsada bai fi mai araha tauri ba. Duk nau'o'in baƙin ƙarfe taurinsu kusan ɗaya ne. Abin da mai tsadar ya fi shi ne ƙarfi, wanda ke ba da damar a rage bango ba tare da ya karye ba. Tun 1897 kamfanin Reynolds ya yi rajistar dabarar yin bututu mai kauri a baki biyu, inda ake haɗi, da siranta a tsakiya, misali milimita 0.9 a baki da 0.6 a tsakiya. Sakamakon haka firam mai tsada na wannan aji ya fi mai araha laushi, ba tauri ba.

Ga mahayi mara nauyi sosai, wanda ba ya ɗaukar kaya, hawansa yana da daɗi ƙwarai. Keken yana da rai a ƙarƙashin ƙafa. Ga dogon mutum mai jiki, ko wanda zai ɗora kaya a baya, nan ne matsalar murɗewa da rawar gaba suke fitowa. Yana lotsewa fiye da baƙin keke, kuma tsatsar ciki ita ce babbar abokiyar gabansa, domin rabin milimita ba ya ɗaukar lokaci. Ana gyara shi, amma da waldar gas da tagulla a hannun wanda ya iya. Waldar lantarki ta ƙofa da taga za ta huda shi nan take. Wata matsalar kuma, yawancin irin waɗannan firam ɗin ba su da filin faffaɗar taya, wanda ke rage amfaninsu a hanyar da ba kwalta. Farashinsu a gwanjo ba ya da tsari: wani mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba, wani kuma ya sani.

Zaɓi na 3: baƙin ƙarfe mai matsakaicin faɗi

Daga ƙarshen shekarun 1980, musamman da kekunan hawa dutse suka yaɗu, masu ƙera firam suka ƙara wa bututun sama da na ƙasa mataki ɗaya: na sama ya koma 28.6, na ƙasa 31.8. Wasu sun ƙara mataki na biyu, 31.8 a sama da 34.9 a ƙasa, don manyan mutane da kekunan dakon kaya. Ƙarfen yawanci kuromoli ne, wani nau'in baƙin ƙarfe mai inganci, za ka ga an rubuta Cr-Mo ko lamba 4130 a jiki.

Mai ƙera firam yana da hanya biyu da wannan ƙarin faɗi. Zai iya barin bango yadda yake ya samu tauri mai yawa da ɗan ƙarin nauyi. Ko kuma ya rage bangon ya samu rashin nauyi: bututu mai faɗin 28.6 da bango 0.4 taurinsa kusan daidai yake da mai faɗin 25.4 da bango 0.6, amma ya fi shi rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hanya ta biyu tana da iyaka. Gwangwanin lemo faffaɗa ne, ba ya murɗuwa da sauƙi, amma babban yatsa yana lotsa shi, kuma da zarar ya lotse ƙarfinsa ya tafi. Bututun da faɗinsa ya yi wa bangonsa yawa haka yake. Shi ya sa ba a iya faɗaɗa baƙin ƙarfe fiye da wani mataki: ko dai ya yi nauyi, ko ya yi saurin lotsewa.

Kekunan gwanjo na wannan aji da suka fi yawa, wato kekunan hawa dutse na shekarun 1990 masu taya inci 26 da fok mara sifirin, suna bin hanya ta farko, kuma ni a ganina su ne suka fi dacewa da mutane mafi yawa. Ba sa murɗewa da kaya matsakaici, suna ɗaukar faffaɗar taya, da yawansu suna da ramukan ɗaura kariya, nauyinsu ya yi ƙasa da na baƙin keke sosai, kuma ana iya yi musu walda. Taya inci 26 ba ta wahalar samu. Farashi matsakaici ne. Abin dubawa shi ne tsatsa a gindin feda da cikin bututun sirdi, da kuma ƙasan bututun ƙasa kusa da wuya: idan ka shafa ka ji ƙullutu ko ka ga fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo ta gaba.

Zaɓi na 4: kakkauran bututun alminiyum

Alminiyum yana da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe, kuma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Idan aka yi shi da siririn bututu sai ya yi laushi, kamar yadda kamfanonin ALAN na Italiya da Vitus suka yi a shekarun 1970 da 1980. Gary Klein, wani mai ƙera kekuna a Amurka, yana cikin waɗanda suka fara faɗaɗa shi tun shekarun 1970, sannan kamfanin Cannondale ya fito da kekensa na farko mai kakkauran bututu a 1983, daga nan salon ya bazu. Lissafin mai sauƙi ne: don alminiyum ya kamo taurin baƙin ƙarfe da bango iri ɗaya, sai an ƙara faɗinsa da kusan kashi 44 cikin 100, wato 28.6 ya koma wajen 41. Da yake ba shi da nauyi, ana iya barin bangon da kauri ba tare da keken ya yi nauyi ba. Ke nan kaurin da kake gani a keken alminiyum ba ƙari ba ne a kan na ƙarfe, cike gibi ne.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake yin sa da tauri. Baƙin ƙarfe, muddin lanƙwasar da yake yi ba ta wuce wani mataki ba, zai iya yin ta ba iyaka. Alminiyum ba shi da wannan mataki; kowace lanƙwasa tana ɗan rage masa kwana. Don haka masu ƙera shi suke hana shi motsi tun farko. Firam mai kyau yana yin shekaru masu yawa, amma idan ya gaji tsagewa yake yi, yawanci a bakin walda.

A kan hanya yana amsa feda nan take, yana riƙe layi a kwana, kuma babban mutum ba zai ji yana murɗewa ba. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, wanda ke da amfani ga mazauna wurare masu damshi. Nauyinsa kaɗan ne, za ka iya ɗaga shi ka hau bene. Sunan da ya yi na dukan jiki ya samo asali ne daga kekunan tsere masu ƴar siririyar taya mai iska da yawa. Da faffaɗar taya ba za ka ji wannan ba.

Matsalarsa gyara. Waldar alminiyum sai da na'ura ta musamman mai amfani da iskar agon, kuma nau'in 6061 da aka fi amfani da shi yana rasa ƙarfi a kewayen walda sai an sake gasa firam ɗin a tanda ta musamman, abin da ba a samu a shagon gyara. Idan ya lanƙwashe ba a miƙe shi kamar ƙarfe. A aikace, firam ɗin alminiyum da ya tsage ya gama. Mai sayen gwanjo ya wanke shi tukuna, ya duba kewayen wuya, gindin feda, da inda sandar sirdi take shiga, a cikin rana. Duk wani siririn layi baƙi da ya ratsa fenti daga bakin walda, a bar keken komai arharsa. Kada kuma a zaro sandar sirdi ta wuce alamar da ke jikinta, domin hakan yana tsaga bakin bututun.

Zaɓi na 5: kabon

A nan maganar faɗi ta canza, domin ba bututu zagayayye ake yankowa ba. Zaren kabon, wani zare mai ƙarfi mara nauyi wanda ba ƙarfe ba ne, ake jerawa a cikin mazubi, ana iya sa wuri ɗaya ya yi tauri ta gefe ya yi laushi ta sama. Tun da Greg LeMond, ɗan tseren keke na Amurka, ya ci gasar Tour de France ta 1986 a kan firam ɗin kabon, a hankali ya mamaye tsere, har hukumar tseren keke ta duniya ta kafa dokar cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Shi ne mafi rashin nauyi kuma mafi tsada. Ba ya tsatsa, amma duka mai kaifi yana iya fasa shi ta ciki ba tare da waje ya nuna ba, matse ƙusa fiye da kima ma yana fasa shi. Ba na dako ba ne, kuma gwanjonsa caca ce sai ga wanda ya san tarihin keken.

Tarkon da ya fi kama mutane

Akwai kekuna sababbi masu araha, masu fenti mai ƙyalli da sifirin gaba da baya, waɗanda aka yi da kakkauran bututu don su yi kama da alminiyum, alhali baƙin ƙarfe ne mai araha. Sun haɗa nauyin baƙin keke da raunin kayan da ba su da inganci. Gane su ba wuya: ɗora maganaɗisu a bututun. Idan ya manne, ƙarfe ne. Kakkauran bututu da maganaɗisu ya kama, kuma babu rubutun kuromoli a jiki, ado ne kake biya.

A gefe guda, kekunan da ba su da bututun sama, waɗanda ake kira na mata kuma suka dace da mai doguwar riga ko zane, a dabi'arsu sun fi murɗewa tunda an cire ɗaya daga cikin masu riƙe gaba. A irinsu kaurin bututun da ya rage ba ado ba ne; idan za a ɗora kaya ko yaro a baya, a nemi mai kakkauran bututu ɗaya ko mai bututu biyu a jere.

| Irin firam | Faɗin bututun ƙasa | Tauri | Nauyi | Juriya | Gyara | Farashi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Baƙin keke, bango mai kauri | wajen milimita 28.6 | matsakaici | mai yawa | sosai | ko'ina | mai sauƙi | sabo mara inganci |
| Siririn ƙarfe mai inganci | 28.6 | kaɗan | kaɗan | matsakaiciya | sai gwani | ba tsari | tsatsar ciki, rawar gaba |
| Kuromoli matsakaici | 31.8 zuwa 34.9 | mai kyau | matsakaici | mai kyau | ana yi | matsakaici | tsatsa, tsohon karo |
| Alminiyum | yawanci 40 zuwa sama | mai yawa | kaɗan | mai kyau har ya tsage | da wuya | matsakaici zuwa sama | tsagewa a bakin walda |
| Kabon | ba zagayayye ba | yadda aka tsara | mafi ƙanƙanta | ba ya son duka | sai ƙwararre | mai tsada | fashewar da ba a gani |

Wa ya ɗauki wanne

Manomi, mai sayar da ruwa, mai kai kaya kasuwar ƙauye, duk wanda kekensa zai ɗauki buhu ko jarkoki a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma mai gyaran da ke kusa da shi waldar gas kaɗai gare shi: baƙin keke, mai bututun sama biyu idan ya samu. Nauyin keken ba komai ba ne a gaban nauyin kayan.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai zirga-zirga cikin gari, wani lokaci da jaka ko cefane a baya, hanya rabi kwalta rabi burji: kuromoli mai matsakaicin faɗi, taya inci 26. Idan bai samu ba, alminiyum da ya duba da kyau. Wanda ke zaune a bene ko a gari mai tuddai irin Jos ko wasu unguwannin Abuja, inda kowane kilo yake da lissafi, ya fifita alminiyum ɗin.

Dogon mutum ko mai jiki, wanda ya haura kilo 90, ya guji siririn bututu mai siririn bango komai kyansa. Ya nemi ƙarfe mai bututun ƙasa 31.8 ko 34.9, ko alminiyum, ya kuma kula da ingancin wili, domin shi yakan fara gazawa kafin firam.

Mai ƙaramin jiki da ke hawa don motsa jiki a kan kwalta, ba kaya, shi ne wanda tsohon siririn firam na Reynolds ko Columbus zai yi wa daɗi, kuma kakkauran firam ba zai ƙara masa komai ba. Ya zaro sandar sirdi ya haska cikin bututun da tocila kafin ya biya.

Mai shiga gasa ko mai hawa da ƙungiya yana neman gudu: alminiyum na tsere idan aljihu bai kai ba, kabon idan ya kai kuma zai iya jure asarar firam ɗin gaba ɗaya a faɗuwa ɗaya.

Wanda kuma yake da keke a hannu, ƙorafinsa kawai gargada ce tana damunsa, kada ya canza firam tukuna. Ya sa taya mafi faɗi da firam ɗin zai ɗauka, ya rage iska kaɗan, ya sake sirdi, sannan ya ga ko har yanzu yana bukatar wani keken.